Suna a Rajista, Yaro a Gonar Citta

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Kwoi da kewaye, wadda ake jefa wa duk wanda ya taso da zancen fashin makaranta: "Wannan ai ba matsalarmu ba ce, mu nan kowane yaro yana makaranta." Iyaye na faɗa, shugabannin al'umma na faɗa, har wasu hedimastoci ma na faɗa suna bugun ƙirji. Maganar tana da tushe. Tun 1910 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi, kuma ƙasar Ham ta daɗe tana fitar da malamai da ma'aikatan jinya da fastoci da manyan ma'aikatan gwamnati. Da wuya a sami uba a Nok ko Fai ko Chori ko Daddu da zai hana ɗansa boko don yana ƙyamarta.

Amma sa yaro a makaranta daban, zuwansa kullum daban. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton alƙaluma biyu game da Najeriya: yara kimanin miliyan 10.5 ba sa makaranta, sannan kashi 61 cikin 100 ne kawai na 'yan shekara 6 zuwa 11 ke zuwa firamare a kai a kai. Mutanen ƙaramar hukumar Jaba suna jin na farkon sai su kawar da kai, su ce na can Arewa mai nisa ne. Na biyun fa? Shi ne ya shafi yaron da ke da suna a rajista, yana da kayan makaranta rataye a ƙusa, amma a mako yana ɓacewa kwana ɗaya ko biyu ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Wanda ke son gani da idonsa ya leƙa aji uku a makarantar ƙauye da hantsi cikin watan Nuwamba. Zai tarar da bencina da gurbi a kowane layi. In ya zagaya bayan gidaje kuma zai iske masu gurbin zaune kewaye da tarin cittar da aka haƙo, kowa da 'yar wuƙarsa, suna tsagawa suna jefawa a kwando, ƙannensu na baza ta a kan dutse ko leda don ta sha rana. Yatsunsu duk ƙamshin citta, wani ma sanye da wandon makarantarsa. In aka tambayi uwa sai ta ce, "Gobe zai koma, yau ne kawai aiki ya yi mana yawa." Haƙar citta kuwa takan faɗo ne a tsakiyar zangon farko, shuka da rufe gona da ciyawa da cirar haki su cinye wani sashe na zango na uku.

Wannan "yau ne kawai" ita ce cutar. Lissafin bai da wuya. Yaron da ke fashin kwana ɗaya a mako mai kwanaki biyar, cikin shekara shida na firamare ya yi asarar karatun fiye da shekara guda. A Janairun 2022 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako. A ƙarƙashin irin wannan tsari kwana ɗaya rubu'in mako ne cur, asarar kuma ta kai shekara ɗaya da rabi. A Amurka, da zarar yaro ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, ana sa shi cikin waɗanda ke buƙatar bibiya ta musamman, ko da iyayensa sun ba da uzuri. Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda ake ganin fashin 'yan aji ɗaya da aji biyu bai da komai, wai ai wasa kawai suke yi. A nan ne ake koyon haɗa baƙi da wasali, a nan ake koyon ƙidaya. Yaron da ya tsallake makon da aka koyar da ɗebewa zai kai aji biyar yana kallon allo bai san inda aka dosa ba, a ce masa daƙiƙi, shi kuma ya tsani ajin ya ƙara fashi.

Magana ta biyu da ke yawo ita ce wai tunda an daina ba da abinci, babu abin da zai riƙe yara. Ba wanda ke musun amfanin abinci ga yaron da ya fito gida ciki wayam. Sai dai jihar nan ta riga ta gwada. A Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare, makarantu suka cika maƙil, ba a daɗe ba kuma labari ya karaɗe jihar cewa yara da dama na cin abinci su kama gabansu. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya shi ma an dakatar da shi a Janairun 2024. Hedimastan da ya naɗe hannu yana jiran ranar da za a dawo da ƙwai da shinkafa kafin ya nemi yaransa, ya sani wasunsu za su gama aji shida yana nan yana jira.

Dalilan fashi kowa ya san su, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Bayan gona akwai ranar kasuwa, akwai biki da jana'izar da ake kwashe yara a tafi da su har kwana uku, akwai rafin da ke cika da damina, da kuɗin jarrabawa ko na PTA da ake koro yaro a kansa. Annobar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta bar gidaje da yawa ba kuɗin ɗinka sabon yunifom, balle na ɗaukar 'yan ƙwadago. Fargabar tsaro ma gaskiya ce, ba wanda ya manta da sace ɗaliban da aka yi a Kuriga a Maris na 2024.

Abin da ba a son faɗa shi ne rabon makarantar kanta a cikin laifin. Na farko rajista. Malami zai bar ta a durowa har ƙarshen mako, sannan ya zauna da biro yana cike gurabe daga sama har ƙasa, kowa ya zo, kowa ya zo. Wani kuma ya miƙa wa monita. Wani hedimastan da kansa yake cewa a cike, don kada a ga ajin ya ragu a ɗauke masa malami. Wannan ƙarya ce, kuma yara ne ke biyan kuɗinta. Rajistar da aka cike ranar ƙarshe ba za ta nuna cewa wata yarinya tana ɓacewa duk ranar kasuwa ba. Ba za ta nuna cewa yaran unguwa guda ne ke fashi duk sanda aka kwana ana ruwa ba. Ba za ta nuna cewa wani maraya ya yi mako biyu bai leƙo ba. Daga wannan rajistar ake tattara alƙaluman da ke zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga can su wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Kaduna, a ƙarshe a sanar cewa Jaba lafiya lau. Duk shawarar da za a bayar ta banza ce muddin malami bai kira suna da bakinsa ba, yana kallon fuskar mai amsawa, sau biyu a rana: da safe, da kuma bayan tara, domin masu sulalewa bayan hutun tara ba su da iyaka.

Na biyu bulalar makara. Yarinya ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta wanke kwanuka, ta taho da gudu, ta hango malami tsaye a bakin fili da tsumagiya. Me ake tsammani za ta yi? Sai ta ratse ta zauna gindin mangwaro har a tashi, ta bi sahun sauran zuwa gida. Makarar minti ashirin ta koma fashin yini guda, kuma iyaye ba su sani ba. A bar mai makara ya shiga aji, a rubuta sunansa, in abin ya maimaitu a nemi iyaye, domin mafi yawan lokaci su ne suka makarar da shi.

Na uku kuwa malamin da shi kansa ke fashi, yau ya tafi banki Kafanchan, gobe yana tasa gonar. A 2017 jihar ta sallami malamai sama da dubu ashirin da ɗaya bayan jarrabawar gwaji, ta ɗauki sababbi, amma jarrabawa ba ta tsayar da mutum a aji. Masu duba makarantu da ke sanar da ranar zuwansu tun kafin su taso, su sa hannu a littafin baƙi su juya, ba su duba komai ba.

Idan rajista ta gyaru, sauran aikin mai sauƙi ne. Duk yaron da ya yi kwana uku a jere ko kwana huɗu cikin wata, sunansa ya je hannun kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wani daga cikinsu ya taka har gida a makon nan. Ya je da tambaya, ba da faɗa ba. Kwamitocin nan suna nan a takarda kusan a kowace makaranta, sai dai da yawa ba sa zama sai an ji ƙishin-ƙishin kuɗin gyaran gini. A shigar da Zumuntar Mata ta coci cikin aikin, don sun fi kowa sanin gidan da ake ciwo da gidan da ake yunwa. Fasto da liman da mai unguwa su yi sanarwa tun kafin a fara haƙar citta: yaro ya taya aiki da yamma da ranakun da ba makaranta, amma safiya ta aji ce.

Lafiya ma a ɗauke ta da muhimmanci. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, ɗan firamare ba ya ciki, sai a tabbatar yana kwana cikin gidan sauro, in jikinsa ya yi zafi kuma a kai shi asibiti a gwada a ranar. A Busiya ta ƙasar Kenya, binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka wallafa a 2004 ya gano cewa ba wa ɗalibai maganin tsutsar ciki ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hedimasta ya taka zuwa ƙaramin asibitin yankinsa ya tambayi ranar rabo, ya kuma ga an ba kowane yaro.

Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, ta tanadi gargaɗi ga iyayen da suka saɓa, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Wannan dokar ce kuma ta hana karɓar kuɗin makaranta, don haka makarantar da ke koro yaro saboda kuɗin jarrabawa ba ta da bakin yi wa iyaye barazana da ita.

Iyaye a Kwoi da Sambang da Sabzuro, kowa ya ware rana guda a wannan zangon ya je makarantar ɗansa ba tare da sanarwa ba, ya ce a buɗe masa rajista, ya kuma leƙa ajin ya ga ko yaron na ciki.