Halaccin Abin Ruwa Da Haramcin Ɓarnata Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, darasin wannan mako a kan arzikin ruwa ne, da iyakar da shari'a ta yi wa mai cin moriyarsa.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi da damina zai ga gona manne da gona, babu daji, babu saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka raba ta gado, kowa da 'yar gayaunarsa. Taki da toka da inuwar gawo su ne suka riƙe wannan ƙasa shekara da shekaru, amma farin 1973 da na 1984 sun nuna cewa tudu yana da iyaka. Saboda haka mutane suka juya ga ruwa. A madatsun Tomas da Gari da Watari da Jakara, 'ya'yan manoma da yawa sun zama masunta da rani. Kifin ƙanƙara kuma, wanda ake kamowa a teku a sauke a Legas, ya shiga miyar ƙauyukan da ba su taɓa ganin teku ba.

Wannan juyawa tana da asali a tarihin Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki rundunar mutum ɗari uku zuwa gaɓar teku ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah. Guzuri ya ƙare musu, har aka koma ba kowa dabino ɗaya a yini, daga baya suka koma cin ganye. Sai teku ta jefo musu wani ƙaton kifi da ake kira Anbar, suka yi kimanin rabin wata suna ci, suka kuma kai saura Madina, Annabi ya ci daga ciki. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinta, kuma a mazhabar Imamu Malik abin ruwa halal ne ko da an tsince shi matacce, ba ya bukatar yanka.

To, a nan ne wasu suke kuskure. Suna zaton tun da kifi halal ne, kowace hanyar kama shi ma halal ce, kuma ruwa ba ya ƙarewa. Ba haka ba ne. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta ambaci bayyanar ɓarna a tudu da teku gaba ɗaya, ta kuma jingina ta ga aikin hannun mutane. Duniya ta ga haka da idonta. A gaɓar Kanada akwai wurin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamun kifi, sai manyan jiragen ruwa suka share shi, har a 1992 gwamnati ta hana kamun, dubban mutane suka rasa sana'a. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2024 cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kifayen teku ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa. In teku ta gaji, ina ga madatsar Tomas?

Manomin Kano ya fi kowa sanin maganin wannan. Ko yunwa ta kai ina, ba ya taɓa damin iri, domin ya san wanda ya cinye iri ya cinye baɗi. Uwar kifi mai ƙwai da 'ya'yan kifi su ne irin ruwa. Daga nan za a fahimci hukunce-hukunce uku.

Na farko, zuba guba a ruwa, ko magimfa ko maganin ƙwari irin su Gammalin, haramun ne. Yana kashe babba da ƙarami, yana cutar da mai ci da mai sha da dabbobi, ga shi kuwa shari'a ta hana cuta da cutarwa. Haka nan zubar da dagwalon gari da na masana'antu a rafin da ke gangarawa madatsa, kamar yadda Jakara ta daɗe tana fama da shi.

Na biyu, jan taru mai ƙananan idanu, ko mayar da gidan sauro koma, zalunci ne ga sauran masunta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ruwa yana cikin abubuwa uku da Musulmi suka yi tarayya a cikinsu, tare da ciyawa da wuta. Abin tarayya kuwa ba a yarda mutum ɗaya ya ƙarar da shi ba.

Na uku, in hukuma ko Sarkin Ruwa ya hana su a lokacin da kifi yake ƙwai, bin umurnin wajibi ne, domin shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a. Kabawa sun daɗe da gane wannan: a Argungu ana kiyaye Matan Fada, ba a shiga sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Nijeriya ta kafa ma'aikata ta musamman don arzikin teku a 2023, amma ma'aikata ba ta kwana a bakin ruwa. Wanda yake ganin masunci da tsakar dare Allah ne. Ya kamata limamai da dagatai su riƙa tunatar da jama'a cewa kifin da aka sake yana ƙarami ajiya ce, ba hasara ba.

Allah Ya sa albarka a tudu da ruwa, Ya tsare bayinsa daga ɓarna. Amin.