Zumuncin da Ake Gwadawa a Filin Wasa

Karatu: 1 Korantiyawa 9:24-27; Matiyu 5:23-24

A birnin Gombe, mutum biyu suna iya yin shekara goma cikin ikkilisiya ɗaya ba su san sunan juna ba. Ɗaya yana zuwa Misar Turanci, ya koma shagonsa. Ɗaya yana zuwa ta Hausa, ya wuce Tumfure ko Bolari. Katolikan Gombe suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Bauchi, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, ya kuma zama cikakken dayosis a 2003. A cikinsu akwai Tangale da Waja da Tula, akwai 'yan kasuwar Ibo, akwai Tibi da mutanen Filato waɗanda aiki ya kawo. Mata sun daɗe da samun hanyar haɗuwa: Zumuntar Mata tana da waƙarta, da zanenta, da ziyarar marasa lafiya. Maza kuwa, da an sa albarka, kowa sai ya nufi babur ɗinsa.

Wannan ne ya sa taron keɓewa na maza, wanda ake haɗa addu'a da wasanni a cikinsa, ya cancanci nazari. Yesu da kansa ya kira almajiransa su keɓe su huta bayan sun dawo daga aiki (Markus 6:31). Amma waɗansu dattawa suna ganin ƙwallo a wurin ibada sakarci ne: ina ruwan addu'a da gajeren wando? Tambayar ba ta banza ba ce, domin an sha ganin taron da wasa ya cinye, aka bar addu'a ta zama ta buɗewa da rufewa kawai.

Manzo Bulus bai ƙyamaci fili ba. Ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida yana sana'ar ɗinkin tanti, kuma kusa da birnin akan yi manyan wasanni duk bayan shekara biyu, inda wanda ya ci tsere yakan sami rawanin ganye kurum. Daga nan ya ɗauko misalinsa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne horon da mai tsere yake yi wa jikinsa, da kamewarsa cikin kowane abu, saboda ladan da zai bushe cikin 'yan kwanaki. Ya kuma tuna wa Timoti cewa ba a naɗa ɗan wasa sai ya bi ƙa'ida (2 Timoti 2:5).

A nan ne amfanin filin yake. A kan bencin majami'a kowa salihi ne, gama babu mai taka ƙafar wani. A fili kuwa, cikin mintin farko za a ture darakta, kuma mai turewar yana iya zama makanikin da yake gyara masa mota, wanda kullum yake ce masa "ranka ya daɗe". Katikis ne zai busa usur, ya ce ƙeta ce, darakta ya ce ba ƙeta ba ce. Cikin daƙiƙa biyar ɗin nan abin da ke cikin zuciya yakan fito: girman kai, da raini, da tsohuwar maganar "mutanenku" da "mutanenmu". Wasa ba shi ne ya haifi waɗannan ba. Yana ciki tun tuni, gumi ne ya wanke abin da ya rufe shi. Hali zanen dutse ne, in ji Bahaushe, amma Linjila ba ta yarda cewa ba ya kankaruwa ba.

Saboda haka tsarin ranar yana da nauyi. Idan aka yi Misa da safe, aka yi wasa da yamma, kowa ya tafi gida da fushinsa, an yi asarar rabin darasin. Idan aka sa wasa a gaba, Misa ta biyo baya, to, mutum zai tsaya kusa da wanda ya ture shi sa'ad da Fada ya ce a ba juna alamar salama. Koyarwar Ubangiji a Matiyu 5 ita ce mai kawo baiko ya fara shiryawa da ɗan'uwansa kafin ya miƙa. Wannan hannun da ake miƙawa a kowace Lahadi ba tare da tunani ba, ran nan yana da tsada.

Rabon 'yan wasa ma abin lura ne. Hanya mafi sauƙi ita ce masu Misar Hausa su kara da masu Misar Turanci, ko ƙabila da ƙabila, ita ce kuma mafi muni, don tana ƙara wa katangar tubali. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, mai tsaron gida ne a ƙuruciyarsa a garin Wadowice na ƙasar Folan, kuma sau da yawa yakan tsare wa yaran Yahudawa gida idan ba su cika ba. Shi ne ya yi Misa domin 'yan wasa a babban filin wasa na Roma a watan Oktoba na 2000. Gara a jefa ƙuri'a, Batangale da Ibo su sa riga iri ɗaya, dole kowa ya koyi sunan wanda zai ba ƙwallo.

Kada a manta da waɗanda gwiwa ta hana gudu. Dara a ƙarƙashin inuwa ta ishe su, da jan igiya ga masu sauran ƙarfi, musamman in taron ya faɗo a zafin Maris, lokacin azumi. Sau da yawa a gefen fili ne, ana shan ruwa, magidanci yakan gaya wa Baba na kusa da shi abin da bai gaya wa kowa ba: albashin da bai shigo ba, ko ɗan da ya fara shaye-shaye. Matar gida za ta iya tambayar mijinta da ya dawo, ba ci nawa aka yi ba kaɗai, har da sunan wanda ya zauna kusa da shi, da ranar da zai kawo shi gida cin tuwo.