Shin Akwai Taba Mai Sauƙi?

Akan shawarci sabon shiga ya fara da taba "mai sauƙi", wadda ba ta shaƙe mutum. Haka ake yi a Turai wajen zaɓen siga, wato tabar nan irin ta Kuba da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda. To, amma harshe ba ya auna guba.

Sinadarin da ke kama mashayi shi ne nikotin, wanda aka fara tacewa daga ganyen taba a Jamus cikin 1828. Hayaƙin siga yana da ɗabi'ar kanwa, wato kishiyar tsami, saboda haka nikotin kan ratsa fatar baki ya shiga jini ko ba a zuƙa har huhu ba. Ɗalibin Batsari ko Safana ya san misalin wannan: mai cin taba gari yakan haɗa ta da kanwa, aikin kanwar ke nan. Babbar siga ɗaya takan ƙunshi tabar kwalin sigari guda, shanta kuma yana jawo sankarar baki da maƙogwaro.

Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Tabar da ba ta sa tari ita ce mai saurin sabo.