Yadda Ake Warware Doguwar Jimlar Turanci a Jarrabawa

Bahaushen da ya tashi a Sabha Hausa yake ji a gida, Larabci a makaranta da kasuwa, Turanci kuwa sai a aji. Ga kuma wani tsohon giɓi: a 1986 gwamnatin Gaddafi ta cire Turanci daga makarantun Libiya, aka yi kusan shekara goma kafin a maido da shi, shi ya sa iyaye da yawa ba sa iya taya 'ya'yansu bitar darasin. Amma jarrabawa ba ruwanta da wannan, ko ta kammala sakandare ce, ko ta sashen Turanci na Jami'ar Sabha, ko IELTS ga mai neman karatu a waje, ko WAEC da JAMB ga mai shirin komawa Najeriya. A sashen auna fahimta, doguwar jimla ce ke yawan kayar da ɗalibi, ko da ya san ma'anar kowace kalma da ke cikinta.

Ga wata mai kalma 40 da za mu yi aiki da ita:

Although the caravans that once linked Kano with Tripoli through Murzuq declined sharply after the railway reached Kano in 1911, the wells on which they had depended, many of them dug centuries earlier, continued to decide where travellers could rest.

Da farko, farauto aikatau. Ajiye ƙamus, ka ɗauki fensir. Karanta har aya, sannan ka ja layi a ƙarƙashin duk aikatau mai nuna lokaci. A nan shida ne: linked, declined, reached, had depended, continued, could rest. Kada ka lissafa wanda to ya gabata, irin to decide, ko mai ƙarewa da -ing idan babu is ko was a tare da shi. Dug ma ba ya ciki, domin ba rijiyoyin ne suka yi haƙa ba, su aka haƙa. Siffanta su kawai yake yi.

Na biyu, kewaye mahaɗai. Su ne kalmomin da ke buɗe gangar da ba ta iya tsayawa ita kaɗai: although, that, after, which, where. Biyar ke nan.

Na uku, ba kowane mahaɗi aikatau ɗinsa. Nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Aikatau shida, mahaɗai biyar, ka ga dole ɗaya ya rage ba shi da abokin tafiya, shi ne kuwa ƙashin bayan jimlar. Ƙa'idar rabon ita ce mahaɗin da ya zo daga baya shi ke fara ɗauka. Although ne ya buɗe jimlar, amma kafin ya samu nasa sai that ya shigo ya ɗauke linked, although kuma ya jira har declined. After ya ɗauki reached, which ya ɗauki had depended, where ya ɗauki could rest. Saura continued. Ɗalibai da yawa a kan linked suke tsayawa saboda shi suka fara cin karo da shi, su ɗauka zancen duk na ayarin fatake ne. Daga nan amsoshinsu ke fara karkacewa.

Lissafin yakan canza idan and ko but sun haɗa manyan ganguna biyu. Ka san za ka ga ragowar aikatau biyu, kowanne da nasa aikau.

Na huɗu, nemo aikau. Tambayi kanka: wa ko me ya ci gaba? Kada ka cafki sunan da ya fi kusa da aikatau, don centuries ne a kusa, kuma ba shi ba ne. Tsallake abin da ke tsakanin waƙafi biyu, tsallake gangar on which, sai ka dira kan the wells. Jimlar mai kalma 40 ta koma the wells continued to decide.

A wannan gaɓa Hausarka ta fi Larabcin makaranta yi maka amfani. A jimlar fi'ili ta Larabci fi'ili ke gaba, fa'ili na biye. Hausa kuwa jerinta ɗaya da na Turanci: aikau, aikatau, karɓau. Haka wanda, wadda da waɗanda suke zama daidai gurbin who, which da that. Abin da za ka aro daga darasin nahawu shi ne ɗabi'ar i'irabi, wato tambayar matsayin kowace kalma. WAEC ma takan ja layi a ƙarƙashin wani yanki ta ce ka faɗi sunansa na nahawu da aikinsa a jimla.

Na biyar, maido da abin da ka cire, ɗaya bayan ɗaya, cikin gajerun jimlolin Hausa a zuciyarka. Ayari ya taɓa haɗa Kano da Tarabulus ta Murzuk. Ya ja baya ƙwarai bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Duk da haka rijiyoyin da ya dogara da su, waɗanda da yawansu an daɗe da haƙawa, su ne suka ci gaba da nuna inda matafiya za su yada zango. Lura da “duk da haka” ɗin nan. Abin da ya biyo bayan although rangwame ne marubuci ya yi, ainihin ra'ayinsa na cikin babbar ganga, kuma daga can ake ciro tambayar manufar marubuci.

Na shida, bi sawun wakilin suna. They ayarin yake nufi, them kuwa rijiyoyin. Dukansu jam'i ne, suna kusa da juna, kuma masu shirya tambaya na son irin wannan tarko. Sa sunan a gurbin wakilin ka karanta. Idan ma'ana ta tsaya, ka dace.

Akwai wasu tarkuna uku da dabarar ƙirge ba ta kamawa. Turanci yakan haɗiye that, kamar a the road traders used was dangerous, inda za ka ga aikatau biyu babu mahaɗi. Idan aikatau ya yi rara, kuma sunaye biyu suka yi karo haka, road da traders, to akwai ɓoyayyen mahaɗi a tsakaninsu. Sai jimlar da ke ɓoye mai aiki, irin was built, wadda ta yi daidai da “an gina” tamu. Idan an ambaci mai aikin, bayan by za ka same shi. Na ƙarshe su ne hardly, seldom da scarcely, masu kore zance ba tare da not ba. Ka kuma auna nauyin kalma: declined sharply ja baya ne, ba tsayawa cak ba. Idan tambaya ta ce fataucin ya ƙare a 1911, jimlar ba ta faɗi haka ba.

Batun lokaci kuma, karatun IELTS tambaya 40 ne cikin minti 60, don haka wanda ya tsaya feɗe kowace jimla ba zai gama ba. Karanta tambaya tukuna, ka gano jimlar da amsar ke ciki, ita kaɗai za ka yi wa wannan aiki.

Saurin kuwa a gida ake samo shi. Buɗe littafin English for Libya na ajinka, ka zaɓi jimloli biyu mafi tsawo kowace rana, ka bi matakan nan da fensir. Idan kana da abokin karatu, kowa ya warware tasa, ku yi musayar takardu, duk inda kuka saɓa a kan babban aikatau ku kai wa malaminku ya raba gardama.