Takalmin Gudu Mai Tsada: Wa Yake Yi Wa Amfani, Wa Yake Ci Wa Kuɗi?

Wata safiyar Litinin wani magidanci ya shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya yana ɗingishi, da leda a hannunsa. Ma'aikacin gwamnati ne, ya ba arba'in baya, kuma wata uku ke nan da likitansa ya ce hawan jini ya fara leƙo shi, ya rage gishiri ya kama motsa jiki. Tun kafin in tambaye shi abin da ke tafe da shi ya zazzage ledar a kan tebur. Takalmin gudu ne sabo fil, mai tudun soso kamar an yanko katifa, irin wanda ake gani a ƙafar 'yan tseren Kenya a talabijin.

Ya ce, "Likita, duba min wannan. Ƙanena na tura wa kuɗi ya sayo min daga waje, albashina na wata biyu ya tafi a kansa. An ce min duk wanda ya sa shi ya rabu da ciwon ƙafa. Ga shi mako uku kacal, in na tashi da asuba ba na iya taka dunduniyata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ya iso, kilomita nawa kake yi a mako?"

Ya ce ko ɗaya. Ranar da takalmin ya zo ya fara zagaya filin wasa sau 15, wato kilomita 6, kuma tun ranar bai huta ba, don kada kuɗinsa su tafi a banza.

Ni likitan fisiyo ne, kuma rabin masu zuwa wurina da ciwon gwiwa, ƙwauri ko dunduniya tambayarsu ɗaya ce: wane takalmi zan saya? Yanzu da sassarfar asuba ta karɓu a garuruwanmu, matasa suna shirin tantancewar aikin soja da ɗan sanda, iyaye mata suna fita tattaki saboda ciwon suga, tambayar ta ƙara yawa. Amsar da nake ba su ita ce wannan: tsadar takalmi tana sayen sauri ga wanda ya riga ya horu, amma har yau babu hujjar cewa tana sayen kariya daga rauni.

Abin da ke cikin takalmin

Ba zan ce takalman nan yaudara ba ne, domin suna aiki. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly 4% a kan dala 250. Masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka sun gwada shi a kan ƙwararrun 'yan gudu 18, suka ga ƙarfin da jiki ke kashewa ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da manyan takalman tsere na lokacin. Nike ce ta ɗauki nauyin binciken, amma wasu masanan da suka sake gwadawa daga baya sun samu sakamako makamancin wannan.

Sirrin abu uku ne. Na farko soso. Takalman da muka saba da su ana yin su da soson da ake kira EVA, wannan kuwa da wani mai suna PEBA, wanda ya fi shi rashin nauyi, kuma idan ƙafa ta danna shi yana mayar da kusan kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da ya karɓa. Na biyu wani siririn falle na kabon, mai tauri, da aka binne a cikin soson, yana rage lanƙwasar yatsu yana mirgina ƙafa gaba. Na uku rashin nauyi, domin an daɗe da sanin cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kimanin kashi 1 cikin 100.

Duniya ta ga sakamakon. Ranar 12 ga Oktoba 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42 a birnin Biyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi a matsayin tarihin gasa ba saboda yadda aka tsara gudun. Washegari Brigid Kosgei ta karya tarihin mata da ya tsaya tun 2003. Abin ya kai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a Janairun 2020: kaurin tafin takalmin tseren kan titi kada ya wuce milimita 40, fallen kuma kada ya wuce ɗaya. A 2023 Tigist Assefa ta Habasha ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Balin, sanye da takalmin Adidas mai nauyin giram 138, farashinsa dala 500, wanda aka ƙera domin tsere ɗaya.

Tsere ɗaya. A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. An yi takalman nan ne domin ranar gasa, a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, a ƙafar mutumin da ke gudun kilomita sama da 150 a mako. Robar ƙasansu siririya ce, rufinsu kamar gidan sauro, soson kuma yana saurin mutuwa.

Ribar wa?

Ga wanda ke gama kilomita 42 cikin awa 2 da minti 10, ragin kashi 2 cikin 100 na lokaci minti biyu da rabi ne. Wannan tazara ce tsakanin wanda ya ɗauki kyauta da wanda ya koma gida hannu rabbana. Na taɓa kula da wani matashi ɗan Filato da ke shirin gasar fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016. Shekara shida yana atisaye a kan tsaunuka, jikinsa ya gama ginuwa, daƙiƙoƙi yake nema. Da ya tambaye ni, na ce masa in da hali ya saya, ya gwada shi sau biyu ko uku a atisaye domin ƙafarsa ta saba, sannan ya adana shi sai ranar gasa. Gare shi jari ne, kuma kwalliya tana iya biyan kuɗin sabulu.

Mai sassarfa lissafinsa daban. Wani bincike da aka buga a 2023 ya gwada irin wannan takalmi a kan masu gudun kilomita 10 zuwa 12 a awa, aka ga ribar ta sauko zuwa kusan kashi 1 cikin 100. Mutumin da ke yin kilomita 5 cikin minti 35, kashi 1 gare shi daƙiƙa 21 ne. Dala 250 kuwa ta ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000, fiye da sau huɗu. Hawan jini da suga ba su san daƙiƙa 21 ba. Abin da suka sani shi ne mutum ya fita sau huɗu ko biyar a mako, shekara da shekaru.

Maganar rauni

Nan ne tallace-tallace suka fi shiga kan mutane, nan ne kuma hujja ta fi ƙaranci. Masu bincike a Jami'ar Dundee ta Birtaniya sun gwada takalma masu araha, matsakaita da masu tsada daga kamfanoni uku a ƙafar mutum 43, aka buga sakamakon a 2008. Masu araha da matsakaita sun tare nauyin tafin ƙafa daidai da masu tsada, wani lokacin ma sun fi su, kuma waɗanda suka sa su ba su ji bambancin daɗi gwargwadon farashi ba. Sojojin Amurka su ma sun gwada raba wa dubban kuratan soja takalma bisa siffar tafin ƙafarsu, mai shimfiɗaɗɗen tafi nasa daban, mai zurfi nasa daban, raunuka ba su ragu ba. A 2022 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum sama da 11,000, ba ta samu tabbataccen dalilin da zai sa a ce wani nau'in takalmi ya fi wani hana rauni ba.

Fallen kabon ma yana da nasa. Yana sauya yadda nauyi ke bi ta ƙafa, kuma a 2023 likitocin wasanni sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka samu rauni a wani ƙaramin ƙashin tsakiyar ƙafa suna amfani da irin waɗannan takalma. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun isa a yi hattara. Tudun soson kuma yana ɗaga ƙafa sama da ƙasa. A kan titin burji, ko gefen kwalta mai ramuka da duwatsu, ƙafar da aka ɗora a kan tudu mai laushi ta fi kusa da targaɗe.

Abin da nake gani kullum a wurin aiki shi ne gaggawa. Duk takun gudu ɗaya, ƙafa tana karɓar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, sai mutum ya ji zai iya ƙarawa. Agara, jijiyar tafin ƙafa da ƙashin ƙwauri kuwa watanni suke buƙata. Matashin da ya ga saura mako uku tantancewa ya tashi daga zaman majalisa zuwa kilomita 10 kullum, ko takalmin Kipchoge ya sa, ƙwaurinsa sai ya yi magana. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Ba ina cewa a fita ƙafa ba takalmi ba ne, hanyoyinmu akwai kwalba da ƙusa. Ina nufin shekarun horo ne suka kai shi.

Kasuwarmu

Akwai kuma abin da masu bincike na waje ba su lissafa ba: jabu. Idan ka ga takalmin da ake sayarwa dala 250 an ce ka kawo naira 30,000, suna ka saya. Na sha lanƙwasa irinsu a gaban masu su, ba fallen komai a ciki, soson kamar na silifa. Gwanjo kuwa akwai na kirki a cikinsa, amma soso yana mutuwa tun rufin takalmi yana sheƙi. Juya shi ka duba. In robar ƙasa ta cinye ta gefe ɗaya, in gefen soson ya yi tamoji, in ka ajiye shi a kan tebur ya karkace, wani ya riga ya shanye amfaninsa, har ya bar maka siffar takunsa.

Yadda nake ba da shawara a zaɓa

Fara da tambayar kanka abin da za ka yi da shi. Tattaki da sassarfa takalmin atisaye na yau da kullum suke so, mai faɗin tafi, mai robar ƙasa mai kauri.

Je da ƙafarka, kada ka yi aike. Je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Gwada ƙafa biyun a tsaye. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi a samu faɗin babban yatsan hannu, yatsu su iya motsi, dunduniya kada ta riƙa zamewa. Ka taka, ka ɗan yi gudu a gaban shagon. Wanda ya matse ka yau ba zai saki gobe ba, sai dai ya bar maka bororo da baƙin farce. In biyu sun yi maka, ɗauki wanda ƙafarka ta fi sakewa a ciki, ko da shi ne mai araha.

Sannan ka yi lissafin kilomita. Takalmin atisaye yakan kai kilomita 500 zuwa 800. A ce ka sayi na naira 60,000 ya yi maka 600, kowane kilomita ya tashi a naira 100. A ce na tsere ka saya a 350,000 ya yi 300, kowane kilomita ya haura naira 1,100. In kana da kuɗin babba ɗaya, matsakaita biyu sun fi maka. Wani bincike a ƙasar Luksambag ya bi 'yan gudu 264 tsawon mako 22, ya ga masu sauya takalma sun fi masu guda ɗaya ƙarancin rauni da kashi 39 cikin 100.

Kada ka bar shi a but ɗin mota ko ka shanya shi a tsakiyar rana, zafi yana lalata soso da gam. Mai ciwon suga kuma, Hajiya ko Alhaji, ya sa hannu ya shafa cikin takalmi kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo, domin ɗan ɗinki ɗaya yana iya zama gyambo ba tare da an ji zafi ba. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ke sa ɗingishi, ko wanda ya wuce mako biyu, na asibiti ne. Sabon takalmi ba ya warkar da shi.

Magidancin nan jijiyar tafin ƙafarsa ce ta ƙosa da nauyin da aka ɗora mata dare ɗaya. Muka dakatar da gudun, na koya masa miƙa sha-raɓa da ɗaga dunduniya a bakin matakala, ya koma tafiya ta minti 30, bayan makonni muka fara saƙa sassarfar minti ɗaya tsakanin tafiyar minti huɗu. Takalmin da ya yi wannan duka da shi a kasuwa ya saya, da ƙafarsa ya je, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin na farko ba. Bayan wata huɗu ya dawo ba ɗingishi, yana yin kilomita 5 sau uku a mako, likitansa kuma ya gamsu da awon jininsa.

Da zai fita ya ce, "To Likita, wancan fa, in sayar?"

Na ce, "Ajiye shi, ranka ya daɗe. In ka shekara kana fita ba fashi, kuma ka yi niyyar shiga gasa, zo mu duba ko ƙafarka ta kai ta sa shi."