Alƙaluman Muhalli: Wa Ke Tantance Su?

GOMBE: Dillalin simintin Ashaka a unguwar Shamaki ba ya karɓar lodi sai ya ƙirga buhuna da kansa. Haka ya kamata a ɗauki rahoton da kamfani ke bayarwa kan hayaƙi da ƙurar masana'antarsa.

A shekarar 2023 hukumar ISSB ta duniya ta fitar da ƙa'idojin rubuta irin wannan rahoto, kuma Nijeriya ta tsara wajabta su ga manyan kamfanoni daga 2028. Sai dai ƙa'ida kaɗai ba ta wadatar ba. Dole mai bincike daga waje, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ya duba na'urorin awo da takardun asali. In ba haka ba, banki da masu hannun jari sun dogara ne ga bakin mai kaya.