Magidancin da Ya Zubar da Kunya Rana Tsaka

A aikina na jinya a yankin Allakaye, idan aka kawo mini magidanci ɗan shekara 50 da halinsa ya juye, nakan tambayi iyalinsa: "A danginku wa ya taɓa yin haka?" Sau da yawa sai a yi tsit, can wata tsohuwa ta ce, "Ai haka mahaifinsa ya ƙare."

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne bai manta komai ba. Ya san sunayen jikokinsa, ya san nawa ya sayar da buhun albasa bara. Amma mutumin da a da ko ruwa ba ya sha gaban surukinsa, yau yana tsoma hannu a kwanon baƙo, yana yi wa matan maƙwabta batsa, ya ɗebi goro a kasuwar Buza ya wuce abinsa. A yi rasuwa a gidansa, ko a jikinsa. Wani kuma sukari yake ɗura wa bakinsa da cokali. Sai a ce sammu ne, ko iskoki, ko kuma dama halinsa ne ya ɓoye. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini ciwo, don shi ke kashe aure, ya sa 'ya'ya su juya wa uba baya.

Alhali cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa ta bayan goshi da gefen kai, inda kamun kai da tausayi suke. Likita Arnold Pick ya fara bayyana ta a 1892. Takan kama mutum tsakanin shekara 45 da 65, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ita suna da wani a dangi da ya yi irinta. An gano manyan ƙwayoyin gadon da ke jawo ta a 1998, 2006 da 2011. Idan uwa ko uba na ɗauke da ɗaya, kowane ɗa na iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. A daina ɗora wa auren zumunci laifi: ba kamar sikila ba ce, ɓangare guda ya isa.

Ba ta da maganin warkewa tukuna. Duk da haka ku kawo mara lafiyar, domin tunjere, ƙanjamau, ciwon maƙoƙo ko ƙari a kai su ma suna juya hali, kuma su ana maganinsu. Mukan tura Buza ko Tawa, wani lokaci har Yamai don hoton kai.

A gida, kada a doke shi, kada a ɗaure shi. Gardama ba ta ci, don bai san ya sauya ba. A karɓe kuɗi da makullin babur cikin dabara, a haɗa shi da ɗan rakiya ranar kasuwa, a sanar da liman da maƙwabta. A riƙa karɓar matarsa ta huta, musamman lokacin da samarin gidan suka tafi cin rani.